Yadda Ake Gina Kwafin Hudson Hornet ta Tseren 1952

Tambaya: Ina da gareji, kuma na daɗe ina farfaɗo da tsofaffin motoci. Yanzu ina so in gina kwafin motar tseren NASCAR ta farkon shekarun 1950, irin Hudson Hornet, yadda duk wanda ya san motocin zamanin zai dube ta ya ce lalle haka take. Ta ina zan fara, kuma me ya fi ɓata irin wannan aiki?

Amsa: Malam, zan fara da ɓangare na biyu na tambayarka, domin shi ne zai shirya maka na farko. Abin da ya fi ɓata irin wannan aiki shi ne ƙari. Yawancin masu gini suna shiga gareji da hoton motar tsere ta yau a zuciyarsu, mai kejin ƙarfe ta ko'ina, da faffaɗan tayoyi, da raga a tagar direba, da fenti mai ɗaukar ido, sai su riƙa ɗora waɗannan abubuwa a kan bodin 1952 suna ganin gyara suke yi. Abin da ke fitowa daga ƙarshe mota ce mai kyau amma ba ta kowane zamani ba, kamar mutum ya ɗinka babbar riga ta saƙi da aikin hannu sannan ya liƙa mata zif. Ƙwarewar da za ka fi bukata a wannan aiki ita ce ta sanin abin da ba za ka saka ba, da kuma haƙurin barinsa ko da hannunka yana ƙaiƙayi.

Dalilin haka yana cikin asalin tseren. An kafa NASCAR, hukumar da ke shirya wannan tseren motoci, a birnin Daytona Beach na jihar Florida a Amurka, bayan taron da Bill France ya kira a Disambar 1947, aka yi mata rajista a Fabrairun 1948. Rukunin NASCAR da Hudson Hornet ta yi tsere a cikinsa ya yi tserensa na farko a Charlotte ranar 19 ga Yunin 1949, kuma sharaɗinsa shi ne mota ta kasance yadda dila yake sayar da ita ga kowa. An ɗauki sharaɗin da gaske tun ranar farko: Glenn Dunaway ne ya fara ƙetare layi da Ford ɗinsa ta 1947, amma aka ƙwace nasarar saboda an taɓa sifirin ɗin baya, aka ba Jim Roper mai tuƙa Lincoln. Saboda haka motar tseren 1951 ko 1952 motar titi ce da aka ɗan rage wa kaya aka ƙarfafa wurare kaɗan, tana da bambarta, da ƙofofinta masu buɗewa, da sitiyarinta na kamfani, wasu ma a kan titi ake tuƙo su zuwa filin tsere. Hudson ta yi fice a wannan yanayi ne saboda yadda aka ƙera ta tun daga masana'anta: an sauke daɓen motar zuwa tsakanin ƙarafunan shasi, nauyinta ya zauna ƙasa ƙasa, ta riƙa cin kwana ba tare da tangaɗin da sauran manyan motoci ke yi ba. A kakar 1952 Hudson ta ci tsere 27 daga cikin 34, Tim Flock ya zama zakara a shekarar, Herb Thomas kuma ya zama zakara a 1951 da 1953.

Matakin farko, kafin ka sayi ko noti ɗaya, shi ne ka zaɓi mota ɗaya a rana ɗaya. Kada ka ce za ka gina motar Herb Thomas mai lamba 92, domin lamba 92 ba mota ɗaya ba ce; mutumin ya tuƙa Hudson daban daban daga 1951 zuwa 1954, kuma ko mota ɗaya ma kamanninta kan canza daga wata zuwa wata, a sake madigadi bayan karo, a ƙara sunan mai tallafi, a sauya wili. Ka ce za ka gina motar da Thomas ya ci tseren mil 500 na Darlington da ita a Satumban 1951, ko wadda Marshall Teague mai lamba 6 ya ci tseren bakin teku na Daytona da ita a Fabrairun 1952, ko ta Flock mai lamba 91 a wani tsere da kake da hotunansa. Da zarar ka tsayar da rana, tambayoyi da yawa za su amsa kansu. Gilashin gaba na Hornet daga 1951 zuwa 1953 rabe yake gida biyu, sai a 1954 ya koma falle ɗaya, don haka bodin 1954 ba zai zama motar 1952 ba komai ƙwarewar fanabita. Haka kafireta biyu da kamfanin ya kira Twin H-Power sun fara samuwa ne a ƙarshen 1951, wanda ke nufin motar da ta yi tsere a farkon shekarar ba ta da su, duk da cewa su ne abin da kowa ke son gani idan an ɗaga bonet.

Daga nan sai bincike, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci mai yawa. Ka tara kowane hoto na motar da ka zaɓa a ranar da ka zaɓa, ka faɗaɗa su, ka auna tsawon haruffa da faɗin lamba ta hanyar kwatanta su da abin da ka san girmansa, kamar wili mai inci 15 ko hannun ƙofa. Ka nemi littafin kayan gyara na Hudson da littafin makanikai na shekarar, da dokokin NASCAR na kakar. Ƙungiyar masu riƙe da motocin Hudson, Essex da Terraplane tana nan a Amurka, kuma a wurin mambobinta ake samun yawancin kayan da suka ɓace daga kasuwa tun bayan da Hudson ta haɗe da Nash a 1954. Akwai kuma Hornet ta 1952 da Herb Thomas ya yi tsere da ita wadda ta rayu har yau, an daɗe ana nuna ta a gidan tarihin motoci na Ypsilanti a jihar Michigan, kuma an shigar da ita rajistar motocin tarihi ta Amurka a 2022. Hotunanta za su amfane ka ƙwarai, sai dai ka tuna cewa an farfaɗo da ita ne shekaru da dama bayan ta daina tsere, don haka inda ta saɓa da hoton zamanin, hoton zamanin za ka bi. Shi ma hoton yana da nasa tarko, domin baƙi da fari ne, kuma tsohon fim kan nuna ja da shuɗi da duhun da ba nasu ba. Kada ka yanke launi daga hoto kaɗai. Ka haɗa shi da jadawalin fentin kamfanin na shekarar da kuma bayanan jaridun lokacin.

Game da motar da za ka gina a kanta, ka nemi Hornet mai ƙofa biyu, wadda ake kira Club Coupe, idan ita ce a hotunanka. Tazarar tayoyin gaba da na baya a Hornet inci 124 ce, kuma Commodore, wata ƙirar Hudson, ma haka take, don haka bodinta zai iya zama madadi idan aka sauya kayan ado. Pacemaker da Wasp, su ma na Hudson, sun fi gajarta da kimanin inci biyar, kuma gajartar a gaba take, ido mai sani zai gane ta daga nesa. Babban abin da za ka duba kafin ka biya kuɗi shi ne tsatsa a ƙarafunan shasi. Ginin Hudson na wannan zamani haɗe yake, bodi da shasi an yi musu walda sun zama abu ɗaya, kuma ƙarfen gefe yana zagayawa ta wajen tayoyin baya, inda laka da gishirin titunan hunturu ke taruwa su ci shi daga ciki. Mota na iya yin kyau a sama alhali wannan ƙarfe ya zama gari. Ka sa a ɗaga ta, a buga wurin da guduma gaba da bayan tayar baya, a ɗauko maka hoto. Daɓen da ya huje da madigadin da ya lotsa duk fanabita zai gyara, amma ruɓaɓɓen ƙarfen gefe aiki ne da zai iya cin kuɗin da ya fi na motar.

Injin shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne jarrabawar ta fi tsanani, domin za ka samu masu ba ka shawarar ka jefa injin V8 na zamani, mai silinda takwas, a ciki ka huta. Idan ka yi haka ka daina gina kwafi. Injin Hornet mai silinda shida ne a jere, girman cikinsa kiyubik inci 308, wato kusan lita biyar, kuma bawul ɗinsa a gefen silinda suke a cikin bulo, kan injin kuwa faifai ne shimfiɗaɗɗe da ba komai a cikinsa sai fulogi da hanyar ruwa. A 1951 yana ba da ƙarfin doki 145. Injinan Hudson masu kiyubik inci 232 da 262 'yan gida ɗaya ne da shi kuma suna kama da shi sosai, don haka ka duba lambar bulo da kyau kada a sayar maka da ƙarami da sunan babba. An ci gaba da ƙera 308 har 1956 a ƙarƙashin sabon kamfanin, amma na ƙarshen suna da bambance-bambance da za su ba ka wahala wajen haɗa su da tsohon giya. Idan ranar da ka zaɓa ta halatta kafireta biyu, to ka nemi Carter masu maƙogwaro ɗaya ɗaya a kan bututun shan iska na asali, da jajayen gwangwanayen tace iska guda biyu. Daga baya kamfanin ya fito da abin da ya kira 7-X, mai manyan bawul, da kan inji mai matsi, da sauyin sandar buɗe bawul, da bututun hayaƙi rabe biyu, wanda ya kai ƙarfin doki kusan 210. Injiniyan kamfanin Vince Piggins na cikin waɗanda suka tsaya a kan waɗannan kaya, kuma dabarar ita ce a sa su a littafin kayan gyara a matsayin kayan aiki mai tsanani, kowa na iya saye a wurin dila, ta yadda NASCAR ba za ta ce ba na kamfani ba ne. Ka lura da shekarar da kowane ɗayansu ya shiga littafin kafin ka ɗaura shi.

Akwai abubuwa uku da ke ruɗa makanikan da suka saba da motocin Japan da na Turai, kuma gara ka gargaɗi yaranka tun da wuri. Kulocin Hudson jiƙaƙƙe ne, faifansa an dasa masa ƙananan ƙwayoyin toshiya irin ta bakin kwalba, yana aiki a cikin ɗan mai na musamman. Wanda bai sani ba zai ga mai a ciki ya ce yoyo ne, ya wanke ya busar, faifan ya ƙone. Wutar motar kuma volt shida ce, kuma kan batir mai alamar tarawa shi ke zuwa jikin bodi, saɓanin abin da kowane rewaya ya saba, sannan wayoyin lulluɓe suke da saƙar zare, masu kauri fiye da na volt goma sha biyu. Idan aka sa siraran wayoyin batir na yau, kik zai riƙa jan ƙafa, sai a ɗora wa volt shida laifin da ba nasa ba. Na ukun shi ne kusoshi da notuna duk na inci ne. Sifana mai lamba 13 za ta kusan kama kan kusa mai rabin inci, kuma wannan kusan kamawar ce ke cinye kawunan kusoshin da ba za ka samu madadinsu a Ƙofar Ruwa ba. Ka sayi cikakken saitin sifanun inci ka keɓe su ga wannan mota kaɗai.

Tsayuwar mota a kan tayoyinta ita ce abu na farko da masani ke gani, tun kafin ya karanta lamba. Motocin nan ba a sauke su ƙasa ba, domin yawancin filayen tseren lokacin na ƙasa ne, masu zagayen rabin mil, cike da ramuka. Tayoyin sirara ne dogaye, masu zaren da ya gicciya, irin waɗanda ake yi kafin tayar radiyal, kuma har yau akwai kamfanonin da ke ƙera su don tsofaffin motoci. A 1952 kamfanin mai na Pure ya fito da taya ta musamman don irin wannan tsere, kafin nan kowa da dabararsa yake. Johnny Mantz ya ci tseren Darlington na 1950 ne da tayoyi masu tauri irin na babbar mota, yayin da na abokan karawarsa ke fashewa. Wili na ƙarfe ne ba marfi, kuma na gaban dama, wanda ke ɗaukar nauyin kowace kwana tunda hagu ake juyawa kullum, ana ƙara masa farantin ƙarfe a tsakiya don kada notuna su yage shi. Wannan faranti ƙaramin abu ne, amma yana cikin abubuwan da ke raba aikin wanda ya yi bincike da na wanda ya kwaikwayi wani kwafin. Birki na ganga ne a ƙafa huɗu. Salansa a cire take, fitilun gaba a manne da tef ko a rufe, kuma a filin ƙasa akan sa ragar waya a gaban lagireto don tare duwatsu da laka.

Cikin motar zai ba ka mamaki da sauƙinsa. Kujerar gaba ta kamfani ce, dashbod na kamfani, bel ɗin kujera sau da yawa na jirgin saman soja ne daga ragowar kayan yaƙin duniya na biyu, ƙofofi kuwa akan ɗaure su da bel na fata ko igiya a jikin ginshiƙi don kada su buɗe a karo. Wasu direbobi sukan yanka 'yar ƙaramar ƙofa a daɓe kusa da tayar gaban dama, su ɗaura mata sarƙa, su ja su leƙa ko zaren taya ya fara fitowa alhali suna gudu. Idan motarka tana da ita a hoto ko a rubuce, ka yi ta da yankan hannu da fata ko hinjin ƙofa na kasuwa, yadda makanike zai yi ta a dare ɗaya, kada ka yi mata gyaran injin yanka na kwamfuta. Daga 1952 ne dokoki suka fara neman ƙarfen kariya a bayan direba, kuma abin da ake sakawa a lokacin baka ɗaya ce mai sauƙi, nesa da kejin da aka sani daga baya.

Yana da kyau ka riƙe shekarun da abubuwan da ake yawan cusawa suka shigo, don ka iya ƙin su da hujja. Tankin mai mai jakar roba a ciki ya zo ne a tsakiyar shekarun 1960, bayan gobarar da ta yi ajalin Fireball Roberts a 1964. Ragar taga ta biyo bayan hatsarin Richard Petty a Darlington a 1970. Birkin faifai ya nuna kansa a 1973, lokacin da Mark Donohue ya ci tseren Riverside da AMC Matador, tayar radiyal kuma sai 1989. Ko ɗan zaren roba da ake ɗaure wayoyi da shi bai fito ba sai 1958, kuma guda ɗaya a ƙarƙashin bonet ya isa ya tona aikin.

A kan fenti da rubutu ina da ra'ayi mai ƙarfi. Fentin zamanin shafi ɗaya ne mai launi da sheƙi tare, ba a bi shi da ruwan gilashin da ake fesawa a sama yanzu, kuma motar da ke tsere kowane mako ba ta sheƙi kamar madubi. Rubutun FABULOUS HUDSON HORNET da ke gefen motocin, da lambobi, da sunan direba, duk da burushi aka yi su, kuma idan ka faɗaɗa hoto za ka ga inda burushin ya ɗaga, da harafin da ya ɗan fi ɗan'uwansa kiba, da gefen hagu da bai yi daidai da na dama ba. Sitika da kwamfuta ta yanka tana kashe wannan gaba ɗaya. A nan kana da gatan da masu gini a Amurka ke nema da kuɗi mai yawa, domin masu rubutun hannu da ke zana manyan motoci da allunan shaguna suna nan a garuruwanmu, hannunsu bai mutu ba. Ka samu dattijo a cikinsu, ka ba shi hoton da ka auna, ka roƙe shi ya kwafi abin da ya gani har da karkacewarsa, kada ya gyara wa marubucin farko aikinsa. Kuma ban yarda da tsufan ƙarya ba, irin a goge fenti da sanfefa ko a zana tsatsa. Motar a ranar tserenta sabuwa ce ko kusan sabuwa, ƙura da tabon mai za su zo da kansu idan kana tuƙa ta.

Saura batun da ba a wasa da shi, wato tsaron rai. Dole ka yanke tun farko ko motar ta nuni ce da ɗan zagaye a hankali, ko kuwa za ka gudu da ita da gaske. Idan ta nuni ce, ka bi zamanin har ƙarshe. Idan za ka gudu, to kayan kariyar 1952 ba su isa ba, kuma mutanen zamanin sun biya wannan da jikinsu. Sandar tayar baya ta Hudson takan karye a tsere, tayar ta maƙale a cikin rufaffen madigadi ta kifar da motar, abin da ya sa kamfanin ya fito da sanduna masu kauri. Ka sa a gwada sandunan baya da ƙafafun gaba don gano tsagar da ido ba ya gani. Ka ɓoye tankin zamani a cikin but, ka sa bel mai ƙarfi da aka ɗaure a jikin ƙarfe mai kauri, ka yi bakar kariya da bututu marar ɗinki da walda ta gaske, ka ajiye abin kashe gobara inda hannu zai kai. Birkin Hudson yana da wata dabara mai kyau da ya kamata ka farfaɗo da ita yadda take: idan man birki ya zube, ƙara taka feda zai ja wayar birkin baya ya tsayar da motar. Duk sauyin da ka yi don tsaro, ka yi shi da kusoshi yadda za a iya kwance shi, ka rubuta shi, ka faɗa wa duk wanda ya tambaya.

Wannan ya kawo ni ga takardu. Ka bar lambar shasin motar da ka saya yadda take, kada ka buga wata, kuma a kan allon nuni da takardar sayarwa ka rubuta ƙarara cewa kwafi ce da aka gina a shekara kaza a kan Hornet kaza. Motocin tseren asali suna da tsada ƙwarai, kuma kwafin da ya yi kyau kan rikiɗe ya zama na asali a bakin mai saye na uku ko na huɗu, tarihi ya gurɓace. Ka buɗe fayil tun ranar farko, ka sa hoton zamanin a gefe ɗaya da hoton aikinka a ɗaya gefen ga kowane ɓangare, tare da rasit da lambar kaya. Wajen kashe kuɗi kuma ka bi wannan tsari: littattafai da hotuna tukuna, sai bodi mai lafiyayyen ƙarfen gefe ko da ya fi tsada, sai inji da giya, sai kayan adon bodi na shekarar da ka zaɓa, domin su ne suka fi wuyar samu kuma gara ka haɗa su a jigila ɗaya da motar. Fenti da rubutu su ne na ƙarshe, bayan motar ta tashi, ta yi tafiya, an tabbatar ba za a sake kwance ƙofa ko madigadi ba.